Ranar da Jummare Ta Ga Wata

Duk wanda ya zauna a Gadarif a shekarun nan da gemu ya yi daraja, in dai yakan bi ta bakin kasuwar hatsi da hantsi, to ya san Jummare mai godogodo. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tana zaune ƙarƙashin darbejiya da ƙwarya uku a gabanta, tana dama gero da nono ga masu dakon buhu da direbobin lori. Wurin na uwarta ne, ita ma uwar a nan ta tsufa. Kakanta kuwa a ƙafa ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya iso Gadarif ya ce bari ya yi damina ɗaya ya noma guzuri. Da ya ga yadda baƙar ƙasar nan ke ba da dawa sai daminar ta zama arba'in da ɗaya, aka binne shi yana cewa baɗi zai wuce.

Jummare ba ta iya gyara magana ba, shi ne babban aibinta a kasuwa. In ka tambaye ta ko nonon na yau ne, sai ta ce na jiya ne, in ba ka so ga Huseina can tana sayar da na shekaranjiya tana cewa na yau. Ba ta taɓa tsinka godogodonta da ruwa ba, ba ta kuma taɓa barin masu tsinkawa su huta da bakinta ba. Mutane suna jin haushinta, suna kuma yin layi a gabanta.

Mijinta Mato direban injin girbi ne a gonakin Simsim. Shekara talatin yana zaune a kan ƙarar injin, har kunnensa ya tafi ya bar shi, sai an kai baki daf da kunnen an yi ihu yake ji. Mutum ne mai shiru, abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya tak: tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya bai taɓa shan azumi ba. Ya yi shi cikin zazzaɓi, ya yi shi a shekarun da watan ya faɗo cikin bazara, lokacin da ƙarfen tarakta ke ƙona tafin hannu. Duk Sallah sai ya faɗa wa baƙi adadin shekarun, su kuwa su yi mamaki kamar ba su ji ba bara. 'Yarsu ɗaya ce, Hajar, tana aure a Showak. Ɗa namiji Allah bai ba su ba, abin da dangin Mato sukan yafe wa Jummare a baki a kai a kai don kada ta manta.

Azumin shekarar casa'in da bakwai ya zo cikin girbin dawa. Ran uku ga wata Mato ya sauko daga kan injin da azahar, ya dafa taya, ya zame ƙasa. A saman buhunan dawa aka kawo shi gari, don lorin ba zai dawo fanko saboda mutum ɗaya ba. A asibiti likita ya ɗaga hannunsa na dama ya saki, hannun ya faɗi. Ya ce jini ne ya hau ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da magana, ya tafi da haɗiya. Aka kwantar da shi a ɗakin maza mai gado goma sha biyu, aka rataya masa ƙarin ruwa, bai san inda yake ba.

Mai kula da ɗakin da rana wata doguwar ma'aikaciyar jinya ce, Sista Rufaida. 'Yar unguwarsu ce, Bahaushiya gaba da baya, amma a wurin aiki Larabci zalla take yi, Hausarta sai ta waiga ta ga ba likita kusa take fito da ita. Kwana uku Jummare tana zaune tana kallon ruwan na ɗiga, kafin ta kama gefen rigarta.

"'Yar nan, wannan abin shi ne abincinsa?"

"Ruwa ne, Inna, da sukari da ɗan gishiri," in ji Rufaida a hankali. "Yana riƙe rai, bas, iyakarsa ke nan. Ba ya gina mutum."

"To babu abinci na gaske da ake zubawa a jijiyar?"

"Akwai. Wata farar leda ce kamar madara, da mai da komai a ciki. Sau ɗaya na gan ta, a Khartum, an rataya wa surukin wani babba."

"Mu fa?"

"Mu ambuba." Ta zaro wata siririyar roba daga aljihu, doguwa, a naɗe cikin leda.

A lokacin rediyo kullum yana shelar cewa ƙasa ta wadata da abin hannunta, ba ta bukatar kowa. Wataƙila shi ya sa robobin nan biyu ne kacal suka rage a asibitin, a cikin akwatin da Rufaida ke yawo da mabuɗinsa a wuya. Ta shafa wa guda mai, ta zura ta hancin Mato a hankali har ciki, ta hura iska da sirinji tana saurare a kan cikinsa, sannan ta manne ta da filasta a kumatu. Jummare ta kawar da kai. Shekara talatin da huɗu tana ajiye wa mutumin nan abinci a gabansa, yau an ce ta hanci zai ci.

Amma da aka zo bayanin yadda ake yi sai ta miƙe zaune, don an shigo fagenta. Kofi ɗaya da rabi, sau shida a yini, ba ƙari. A ɗaga kansa da matashi biyu. A ja sirinji tukuna a ga ko na ɗazu ya wuce. A zuba a babban sirinjin a ɗaga shi sama, a bar abin ya sauka da kansa, kada a tura. A bi shi da ruwa don kada robar ta toshe. Ko ɗigo ɗaya kada ya bi ta baki, don maƙogwaron bai san hanyar ciki da ta huhu ba yanzu. Asibiti ba ya dafa irin wannan abincin, ko wani iri ma, na mai majiyyaci ne. Jummare ta rufe ƙoranta, ta kafa murhun gawayi a bayan ɗakin. Kunun gero da madara, da ƙwai, da cokalin man riɗi, wani lokaci romon kaza ko adas, ƙananan waken nan, da ta dafa har ya narke, ta tace sau biyu a farin ƙyalle. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana zagin masu tsinka dama, ga ta tana tsinka kunu har sai ya bi ta ƙofa kamar ta tsinken tsintsiya. Ba ta yi ƙorafi ba, ta dai ce kada labarin ya kai kunnen Huseina.

Matsala ɗaya ce. An kafa doka a shekarun nan cewa mace ba ta wuce Isha'i a ɗakin maza, saboda tarbiyya. Maza goma sha biyu ne a ciki, rabinsu ba sa iya juyawa sai an juya su, amma hukuma ba ta wasa da Shaiɗan. Don haka kwana ya faɗa kan yayan Mato, Kassim, mai sayar da buhuna a kasuwa. Kassim a da an fi saninsa a teburin karta bayan tasha. Shekarar da sabuwar gwamnati ta zo sai shiriya ta same shi cikin mako guda, ya ajiye gemu, ya ɗage wando, ya shiga kwamitin unguwa mai rabon sukari. Yakan iso bayan tarawihi, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gadon ƙanensa, ya yi jinya da minshari har sahur.

Kwana takwas Mato ya yi ba ya cikin hayyacinsa, kwana biyar daga ciki Jummare tana zuba masa sau shida ba fashi. Ran sha ɗaya ga wata ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi matarsa, ya motsa baki abin ya ƙi. Ita dai ta riƙe hannunsa na hagu tana hawaye tana dariya. Sai ga Kassim ya shigo, ranar ya zo da wuri don an ce masa an farka. Ya sunkuya ya kai baki kunnen ƙanensa, ya ɗaga murya yadda har na gadon ƙarshe ya amfana.

"Alhamdu lillahi, Mato. Muna cikin Ramadan, bai ƙare ba. Kwanakin da ka yi a sume alƙalami a ɗage yake, ba a rubuta maka ba. Daga yau kuwa ka san kanka."

Da la'asar Jummare ta cika sirinji ta miƙa hannu ga robar. Hannun hagun Mato ya riga ta. Ya damƙe robar daf da hanci, ya matse ta cikin tafinsa, ya dubi taga inda rana ke tsaye, ya dube ta. Ta yi zaton zafi yake ji. Ta lallaɓa, ta yi ihu a kunnensa, ta nuna masa kofin. Bai saki ba sai da aka harba igwar shan ruwa ya ga mutanen ɗaki sun kai dabino baki.

Ta je ta ɗauko Modibbo, tsohon limamin unguwarsu, wanda ya ɗaura aurensu. Ya zo yana dogara sanda, ya zauna bakin gadon, ya yi ta ihu a kunnen Mato cewa Allah da kansa ya ɗauke wa marar lafiya, wanda ya ƙi sauƙin da aka yi masa ba ƙarin lada yake nema ba, taurin kai ne. Mato ya rufe ido kamar mai barci, hannunsa na kan robar. Bayan tafiyar tsohon Kassim ya ce Modibbo mutumin kirki ne, sai dai karatunsa na da ne, lokacin da addini bai kankama ba.

"Yaya," in ji Jummare tana duban ƙasa, don yayan miji ne, "sista ta ce sau shida."

"Sista ba ita za ta tsaya masa gobe kiyama ba, Uwar Hajar. Mutum ya shekara arba'in da bakwai yana tara abu, ke kina so ki zubar masa ta hanci. Abin da zai ci da rana ya ci da magariba, halas. Haka kowa ke yi."

Ya kuwa aikata. Da magariba ya karɓi sirinjin daga hannunta, ya ce buɗa-bakin ƙanensa a hannunsa za a yi. Rufaida ta tashi aiki, ba mai tsawata masa. Ya ga abin yana sauka a hankali, ga sallah tana jiransa, sai ya sa babban yatsa ya tura. Kofi huɗu ya ɗura masa a tsaye, ya bi da ruwan dabino don sunna. Kafin ya kai bakin ƙofa cikin ya dawo da komai, ta baki ta hanci, Mato yana tari irin na wanda ba ya iya tari. Washegari ƙirjinsa na gurnani, jikinsa ya ɗau zafi.

Rufaida ta zo da safe ta ga zanen gadon, ta manta da Larabci gaba ɗaya. Ta ce wani daga cikin kunun ya shiga huhu, Allah ya taƙaita kaɗan ne, in aka sake sai dai a nemi likkafani. Likita ya rubuta allurai, ya ce a ɗaure hannun da bandeji a ƙarfen gado a ci gaba da ba shi da rana. Aka ɗaure. Mato bai yi kokawa ba, ya kwanta yana kallon Jummare tana zubawa, hawaye na gangara cikin kunnensa. A zubi na uku ya yi ta goga kumatu a matashi har filastar ta saki, ya karkata kai ya kamo robar da yatsu biyu na ɗaurarren hannun, ya fizge ta ta fito gaba ɗaya. Rufaida ta buɗe akwatinta ta ɗauko ta ƙarshen. Da ta gama sakawa ta juya akwatin ta nuna wa Jummare cikinsa fanko. Jummare da kanta ta kwance bandejin, ta ce ba za ta sake ganin an ɗaure shi kamar ragon layya ba.

Haka aka koma: kofi ɗaya da rabi da magariba, wani kafin Isha'i, sai wanda Kassim zai ba shi da sahur in ya tuna, in kuma bai shanye shi da kansa ba. Zazzaɓin ya yi kwana huɗu yana kai Mato yana dawo da shi. Yakan yi barci da hantsi ya farka da yamma bai san ko yinin ne ko na gobe ba, amma da ya buɗe ido ya ga haske a taga, hannun yana kan robar. Naman cinyarsa ya zube. Fatar ƙugunsa ta yi ja, ta fara buɗewa.

"Inna, gyambon nan ba ya warkewa da yunwa," in ji Rufaida ran ashirin ga wata. "Huhun ma haka. Yadda ake tafiya, ban ce zai ga Sallah ba."

A yammacin ranar Kassim ya zo sallama. Zai shiga i'itikafi a babban masallaci, goman ƙarshe, inda manyan kwamiti duk suke shiga kuma ake lura da wanda bai zo ba. Ya ce zai yi wa ƙanensa addu'a sosai, wanda ya fi kwanan tabarma amfani. Bai bar kowa a madadinsa ba, don haka na sahur ɗin ma ya tafi. Jummare ta raka shi bakin ƙofa ta yi masa fatan lada, da zuciya ɗaya kuwa, don ba ta taɓa jin daɗin ibadar wani kamar wannan ba.

Ta dawo ta tsaya tsakiyar ɗakin. Mato na barci. Mutanen nan duk sun san ta, kwana goma sha bakwai tana dama musu godogodon buɗa-baki ba wanda ta tambaya ko sisi.

"Gobe Sallah," ta ce.

Na gadon kusa da Mato, wani dattijo mai suna Jibril da ciwon sukari ya ci masa yatsun ƙafa, ya ce, "Ya Hajja, yau ashirin."

"Na sani. A ɗakin nan gobe Sallah. Ba ya ji, ya kuma ɓata lissafi. Abin da ya gani da ido shi zai yarda da shi."

"Ƙarya cikin Ramadan, a goman ƙarshe?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Baba Jibril. Ni zan yi. Kai hula za ka sa ka ci abin da na miƙa maka."

Jibril ya shafa gemu. Shi da sauran majiyyatan ba mai azumi a cikinsu, likita ya hana, amma kwana ashirin suna cin abinci ƙarƙashin bargo kamar ɓarayi, don kada wani mai gemu ya leƙo ya gani. Ya tambaya ko za a sami ka'ak, biskit ɗin Sallah mai sukari a kai. Ta ce za a samu. Ya ce to shi dai bai ga wata ba, amma ba zai yi musu da wanda ya gani ba.

Jummare ba ta ƙunshi sai Sallah, duk unguwa an sani, Mato ya fi kowa sani. Da hantsi ta shigo da lalle baƙi wuluk a hannu da ƙafa, sanye da tobi, lafayar da ta ajiye wa Idi, da kaskon turaren wuta, da tire na ka'ak. Masu jinya sun sa fararen jallabiyoyi. Rufaida ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, amma ta zo da sabon ɗankwali. Aka goge wa Mato jiki, aka zura masa sabuwar riga ta hannun da ya mutu tukuna, aka ɗora masa hula. Ya buɗe ido cikin hayaƙin turare. Ya ga Jibril zaune da rana tsaka yana tauna ka'ak, sukari har gemu, da fuskar mutumin da aka sako daga kurkuku. Ya ga maza suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗarsa. Sannan ya ga hannun matarsa.

Ta sunkuya kunnensa.

"Baban Hajar, an ga wata jiya. Barka da Sallah. Ka cika."

Ya daɗe yana kallon lallen. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga. Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, hannun ya sauka kan ƙirji. Ta ja sirinji ta duba, ta zuba kofi ɗaya da rabi, ta ɗaga sama ta bar shi ya sauka da kansa, rana na haskawa ta cikin robar. Da ta fita wanke kofin sai ta zauna bayan ɗakin kusa da murhu ta yi kuka mai isarta, na farin ciki da na tsoron Allah a haɗe, ba ta iya rabe su ba.

Ƙarya kuwa aiki ce, ba ta san haka ba sai da ta fara. Da Mato ya ga masu jinyar majiyyata ba sa cin komai da rana ya ɗaga gira, ta ce masa Sitta Shawwal suke yi. Kwana shida suka wuce suna yi, ta ce mutanen bana sun cika son lada. Igwar magariba yakan ji ta a ƙarfen gado, ta ce sojoji ne ke murnar wata nasara, wannan kam bai yi mamaki ba, don a shekarun nan kusan kullum ana cin nasara. Ita kanta da azuminta a baki, amma sai ta kai kofi leɓe a gabansa ta yi kamar ta kurɓa. Duk baƙon da ya zo dubiya a bakin ƙofa take tare shi ta karanta masa darasi, wanda ya yi gardama ta ce majiyyaci na barci.

Shi kuwa jiki ba ruwansa da kwanan wata. Sau shida a yini, ƙwai da madara da man riɗi. Zazzaɓin ya sauka a kwana na uku. Gyambon ya bushe daga gefe. Ran kwana na bakwai ya zauna da matashi a baya, na takwas ya motsa babban yatsan ƙafar dama, Rufaida ta kira likita ya gani. Likitan ya ce lallai alluransa sun yi aiki.

Watan ya cika talatin. Jummare ta san ranar na zuwa, ta yi ta shirya abin da za ta ce, ba ta sami komai ba. Ta yi niyyar tare Kassim a ƙofa, sai dai ya zo daidai lokacin da take bayan ɗaki tana tace kunun hantsi. Da ta shigo da fulas ta tarar da shi a kan gadon, cikin sabon rawani, da mutum biyu na kwamiti da ya kawo su ga yadda yake kula da ɗan'uwa. Bakinsa na kunnen Mato.

"Id mubarak, ɗan'uwa. Yau take Sallah, yanzu muka sauko daga Idi. Talatin cif. Tun da ka farka ko ɗaya ba ka sha ba, ni shaida ne."

Jibril ya ja bargo ya rufe kansa. Sauran ɗakin kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Mato bai dubi yayansa ba. Ya dubi hannun Jummare, inda lallen ya koɗe ya koma ja, farcen ya tsiro fari daga tushe. Direba ne da ya saba ƙiyasta gona da ido, bai bukaci a faɗa masa kwana nawa ke nan ba. Hannun hagu ya tashi a hankali ya kama robar daf da hanci. Wannan karon ba matsewa ya yi ba, ya naɗe ta a yatsa, yadda ya yi ranar da ya fizge ta farkon.

Ta ajiye fulas. Ta ratsa ta gaban Kassim, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusa ta kai baki kunnen mijinta. Dole ta yi ihu, don haka kowa ya ji.

"Kwana goma ne, Baban Hajar. Ni na yi, ba wanda ya sa ni. Na san abin da na ɗauke maka. In za ka cire ka cire, amma babu wata a garin nan, kuma ni ba zan ɗaure ka ba."

Kassim ya fara salati yana tambayar me ake nufi, ba wanda ya kula shi. Ta miƙe ta cika sirinjin ta tsaya riƙe da shi. Mato ya dube ta, kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba, ba fushi a ciki, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Sannan ya warware robar daga yatsa, ya lalubo bakinta, ya miƙa mata. Ya juya fuska bango. Ta zuba, ya sauka da kansa, ta bi shi da ruwa.

Bayan mako biyar haɗiya ta dawo, aka zare robar, Rufaida ta wanke ta ta dafa ta mayar akwati, don wani na zuwa. Mato ya koma gida yana jan ƙafa, magana ta dawo masa rabi-rabi. Kassim ya yi wata biyu ba ya gaisa da Jummare, sannan ya fara ba da labari a kasuwa yadda ya tsaya tsayin daka har ƙanensa ya tashi. Ita ta koma ƙarƙashin darbejiyarta.

Shekara shida Mato ya ƙara a duniya. Ya rama goman nan ɗaya bayan ɗaya cikin sanyin shekarar da ta biyo, ita kuma tana dafa masa sahur. Bai sake faɗa wa baƙi adadin shekaru ba. Bai taɓa yi mata gori ba, bai ɗaga mata murya ba, abin da ta ajiye masa yana cinyewa. Sai dai duk ƙarshen azumi, in gari ya ɗauka an ga wata, ta shigo da murna ta faɗa masa a kunne, yakan gyaɗa kai cikin ladabi. Sannan ya ɗauki sandarsa, ya ja ƙafa har ƙofar gida, ya tsaya jiran wani ya wuce ya tambaye shi.